Kafin ka sauke inji saboda shan mai

Malam, ka ce motarka ta koma zuƙar mai har kana tunanin sauke inji. Kada ka yi gaggawa. Fara aunawa: cika tanki, yi tafiyar kilomita 100, ka sake cikawa ka ga lita nawa ta sha. Duba iskar taya da matatar iska, sannan ka kwance fulogi. In bakinsa ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, mai ya rinjayi iska ke nan. Ni dai a nan sensar oksijin (na'urar da ke auna oksijin a hayaƙin salansa) nake fara zargi, ko nozul (abin da ke fesa mai cikin inji) mai yoyo. A jona kwamfuta ta karanta. Kada ka manta da birki: bayan tafiya, kai hannu kusa da kowace ƙafa. Wadda ta fi takwararta ta ɗaya gefen zafi sosai, mai yiwuwa birkinta na riƙewa.