Tambayoyinku: Minti Biyar a Gaban Makirfo

Wasiƙun wannan fitowar sun karkata ga sana'a guda, wato barkwancin da mutum ɗaya kan tsaya a dandamali ya yi gaban jama'a, makirfo a hannunsa, babu abokin wasa kuma babu kayan wasan kwaikwayo. Na zaɓi huɗu daga cikinsu.

Tambaya: Malam, duk inda na zauna da abokaina sai na ba su dariya har da hawaye, kuma sun dame ni da in mai da abin sana'a. Shin baiwar da nake da ita ta wadatar, ko akwai abin da ake koya? Yaya mai wannan sana'a yake tafiyar da aikinsa?

Amsa: Ɗan'uwa, baiwarka jari ce kuma ina taya ka murna da ita, sai dai akwai tazara mai nisa tsakanin dariyar abokai da dariyar baƙi. Abokanka sun san ka, sun san mutumin da kake kwaikwayo, sun kuma san abin da ya faru shekaranjiya wanda kake yi wa shaguɓe, saboda haka an riga an yi maka rabin aikin tun kafin ka buɗe baki. Wanda ya biya kuɗinsa ya shigo zaure bai san ka ba, bai kuma yi alkawarin zai yi maka kara ba. Dole kowane labari da za ka ba shi ya zo da guzurinsa: shimfiɗar da za ta sa ya ɗauka ya san inda ka dosa, sannan juyin ƙarshe da zai kai shi inda bai zata ba. A tsakanin waɗannan biyun dariya take, kuma kalma ɗaya da ta yi yawa a shimfiɗar, ko wadda ta zo bayan juyin maimakon gabansa, tana iya kashe ta.

Na taɓa zama a bayan wani ƙaramin zaure a daren gwaji, irin daren da ake bai wa duk mai so minti biyar ya gwada sa'arsa. Wani saurayi ya hau, ya ajiye wayarsa a kan kujera tana naɗar muryarsa, ya dafe wata nannaɗaɗɗiyar takarda da kofin ruwa. Ya ba da labarin yadda wayarsa ta yi ƙara ana tsaka da yi masa tambayoyin neman aiki. Labarin ya ci minti biyu, ya ƙare, zauren ya yi tsit, har ana jin ƙarar fanka. Na ga gumi ya keto masa, na ga ya haɗiyi yawu ya wuce zuwa na gaba. Bayan mako uku na sake tarar da shi da labarin nan dai, amma ya zubar da bayanin kamfanin da na motar da ya hau, ya bar jimla huɗu kacal, ya kuma yi ɗan shiru na daƙiƙa biyu kafin kalmar ƙarshe. Zauren ya fashe da dariya. Babu abin da ya ƙaru a baiwarsa cikin makonnin nan uku. Ya dai zauna ya saurari faifan kunyarsa sau da yawa har ya gano inda hankalin mutane ya bar shi.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, wannan sana'a ta rubutu ce, kuma 'yan kallo su ne masu gyaran rubutun. Marubucin littafi yana iya yin gyara shi kaɗai a ɗaki, amma mai barkwanci ba shi da wata hanyar sanin ko zancensa ya nuna sai ya faɗe shi gaban mutane, shi ya sa yake yin kurakuransa duka a bainar jama'a. Da rana yana rubutu da sauraron abin da ya naɗa jiya, da dare yana dandamali, kuma a manyan birane irin su New York da Landan mutum kan zaga wurare biyu ko uku a dare ɗaya yana gwada zance guda. Minti biyar masu kyau kan ci watanni, awa guda kuwa kan ci shekara ko fiye. A gidajen barkwanci akwai matakala da aka saba da ita: a fara da daren gwaji ba tare da ko sisi ba, a zama mai gabatarwa wanda ke ɗumama zaure, a samu gurbin tsakiya na kamar minti 20, daga ƙarshe a zama wanda aka zo dominsa, mai riƙe zaure minti 45 zuwa awa ɗaya. Ga tafiye-tafiye, ga kwana a masauki kai kaɗai bayan ka baro zaure cike da mutane, wanda da yawa daga cikin masu sana'ar kan ce ya fi musu shirun 'yan kallo nauyi.

Tambaya: Ɗana yana da aikinsa na albashi, amma ya ce zai ajiye ya koma barkwanci gaba ɗaya. Ni uwa ce, hankalina bai kwanta ba. Ana cin abinci da wannan sana'a kuwa?

Amsa: Hajiya, damuwarki tana kan hanya, kuma shawarata ita ce kada ya saki reshe ya kama ganye. Ana cin abinci da ita, har wasu ƙalilan sun yi arziki, amma shekarun farko kusan kyauta ake yin su, kuma wannan tsohon ciwo ne a sana'ar. A 1979 masu barkwanci a gidan Comedy Store na Los Angeles sun yi yajin aiki na makonni saboda ba a biyansu komai, bisa hujjar cewa dandamalin makaranta ce a gare su. Jay Leno da David Letterman, waɗanda daga baya suka zama manyan masu gabatar da shirye-shiryen talabijin a Amurka, suna cikin waɗanda suka shiga yajin, kuma abin da aka fara biya bayan sulhu ɗan kaɗan ne. Haka nan bikin wasannin dandamali na Fringe a Edinbara a Sikotland, wanda ya samo asali a 1947 kuma ake yi kowane watan Agusta, wuri ne da ake yin suna, amma mai wasa ne kan ɗauki nauyin hayar zaure da masauki da talla, ya yi wasan awa guda kusan kullum har tsawon mako uku, kuma da yawa kan koma gida da bashi.

Waɗanda suka tsaya da ƙafarsu yawanci suna haɗa hanyoyi ne: gabatar da taruka, wasa a liyafar kamfanoni, rubuta wa rediyo da talabijin, sayar da tikiti, da abin da YouTube ko Netflix ke kawowa. Akwai kuma wani abu da ya kamata ɗanki ya sani tun yanzu. Mawaƙi idan ya yi waƙa ta karɓu, shekara ashirin ana roƙonsa ya maimaita ta, amma barkwancin da aka ɗora a intanet ya ƙone ke nan, domin wanda ya san juyin ƙarshe ba zai sake yin dariyar farko ba. Ki bar shi ya yi wasa da dare ya riƙe aikinsa da rana, har sai abin da dandamali ke kawo masa ya ɗauki nauyinsa watanni da yawa a jere.

Tambaya: Me ya sa wasu masu barkwanci ke cin mutuncin mutane, musamman masu lalura? Babu iyaka ne a wannan harka?

Amsa: Malama, akwai iyaka, ko da doka ba ta shata ta ba. Ina girmama gwagwarmayar da aka yi don mai barkwanci ya samu bakin faɗar gaskiya: an hukunta mai barkwanci Lenny Bruce a New York a 1964 bisa laifin batsa a wasansa, ya rasu a 1966, sai a 2003 gwamnan jihar ya yi masa afuwa. Amma 'yancin taɓa mai iko daban yake da lasisin taka wanda ke ƙasa. Wanda ya kwaikwayi tafiyar gurgu ko in'inar mai in'ina ya samu dariya mai arha, domin bai lura da komai ba wanda yaro ɗan shekara bakwai bai gani ba, kuma a cikin zauren akwai wanda ɗan'uwansa ke da wannan lalurar, wanda zai koma gida da ɗaci a zuciya. A wurina wannan gazawa ce a sana'a kafin ma a zo batun ɗabi'a. Laifi na biyu da masu sana'ar kansu ba sa yafewa shi ne satar barkwancin wani, domin watannin gumin mutum ne aka ɗauke cikin minti ɗaya.

Tambaya: Wane littafi ko fim za ka ba wa mai son fahimtar wannan sana'a shawarar ya nema?

Amsa: Malam, zan fara da abin da ke nuna yadda ake yin aikin, kafin abin da ke nuna shi a kammale. Ka nemi fim ɗin gaskiya mai suna *Comedian* na 2002, wanda ya bi Jerry Seinfeld bayan ya yi ritayar tsofaffin barkwancinsa duka a 1998 ya koma ƙananan zauruka yana gina sabon wasa daga tushe. Akwai wurin da zaren maganar ya kuɓuce masa yana tsaye gaban mutane, ya yi ta lalube a takarda, alhali a lokacin yana cikin mashahuran masu barkwanci na duniya. Ban san wani abu da ya fi wannan 'yan daƙiƙun kwantar wa ɗan koyo hankali ba. Sai littafin Steve Martin, *Born Standing Up*, na 2007, inda ya lissafa shekara 18 da ya yi a dandamali: goma yana koyo, huɗu yana gogewa, huɗu yana cin gajiya, kafin ya bar dandamalin a 1981 yana kan ganiyarsa. Littafin mai barkwanci Trevor Noah, *Born a Crime*, na 2016, bai cika magana kan dandamali ba, amma yana nuna inda kayan aikin ke fitowa, wato ƙuruciyar yaro ɗan uwa 'yar ƙabilar Xhosa da uba ɗan Suwizalan a Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata, da yadda iya harsuna da dama ya buɗe masa ƙofofi.

A cikin wasannin da aka ɗauka a faifai, na Richard Pryor mai suna *Live in Concert* na 1979 shi ne wanda masu sana'ar suka fi komawa gare shi, musamman wurin da ya kwaikwayi ciwon bugun zuciyar da ya taɓa samu, yana magana da muryar zuciyar tasa yana murƙususu a ƙasa. Ina gargaɗinka cewa harshensa yana da kaushi ƙwarai, ba na kallo tare da iyali ba ne, kuma idan hakan zai dame ka ka tsallake shi. Wanda kuma Ingilishi ke yi masa shamaki ya nemi *City Lights* na Charlie Chaplin, na 1931, fim ɗin da ba a magana a cikinsa, inda aka ɗauki fitowa ɗaya ta haɗuwarsa da makauniya mai sayar da furanni fiye da sau 300 kafin ya gamsu. Ko da yake ba wasan dandamali ba ne, babu inda za ka koyi sanin lokacin motsi da lokacin tsayawa kamar a wurinsa.

Kowanne ka samu, ka kalle shi sau biyu. Na farko ka saki jiki ka yi dariyarka. Na biyu ka ɗauko biro da takarda da agogo, ka rubuta jimlar da ta zo daf da kowace dariya, ka ƙirga daƙiƙun da ya yi shiru kafin ya faɗe ta, sannan ka lura da inda ya dawo da wani zance da ya jefa minti ashirin da suka wuce.