Amsa kan tambayar salon aiki a intabiyun mai ɗaukar hoto

Assalamu alaikum. Ɗan'uwan da ya rubuto cewa wani situdiyo ya kira shi intabiyu, kuma bai san abin da zai ce ba idan aka tambaye shi salon aikinsa, ga abin da na fahimta, kasancewar na taɓa neman irin wannan aiki, daga baya kuma na zauna cikin masu tantancewa.

Mai situdiyo yana yin wannan tambaya ne domin ya san ko zai iya tura ka biki kai kaɗai hankalinsa a kwance. Saboda haka idan ka ce kai mai ƙirƙira ne, ko kana son hoto ya fito da kyau, ba ka faɗi komai ba, domin duk wanda ya shigo kafin kai haka ya ce. Ka zaɓi aiki guda da ka taɓa yi, ka ba da labarinsa tun daga ranar da aka ba ka kafin alƙalami har ranar da ka miƙa albam, hotunan kuma suna gabanka ana gani.

Inda ake gane wanda ya riƙe kyamara da gaske shi ne maganar haske. Ɗaurin aure bayan sallar Juma'a yakan faɗo ne lokacin da rana take tsaka, ango kuma yana cikin farar shadda mai sheƙi. Idan ka saita kyamara domin fuska, rigar za ta ƙone fari fat har aikin wuyan ya ɓace, idan kuwa ka saita domin rigar, fuskar za ta yi duhu, ga inuwar hula ta rufe idanu. Wanda ya bayyana cewa yakan ja ango zuwa inuwar bishiya ko zaure, ya ƙara filasha kaɗan domin fuska, kuma yana ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, saboda ya iya ceto farin rigar a manhajar gyaran hoto ta Lightroom, ya riga ya nuna salonsa ba tare da ya ambaci kalmar ba. Ni a ganina wannan amsa ta fi lissafa sunayen kyamarori daraja, domin Canon ko Nikon ko Sony duk wanda yake da kuɗi zai saya.

Za a kuma so a ji yadda kake da mutane. Ka faɗi gaskiya ko kai mai tsara mutane ne kafin ka ɗauka, ko mai raɓewa gefe yana jiran lokacin da uwar amarya za ta share hawaye, sannan ka nuna ka san wurin kowanne. A wajen kamu, wanda taron mata ne, ya kamata ka ce kana tambayar babbar ƙawar amarya tun farko ko akwai waɗanda ba sa son a ɗauke su, kuma ba ka ɗora hoton kowa a Instagram sai da izini. Idan ƙungiyar agaji ce ta kira ka, wannan batu zai fi nauyi, musamman izinin iyaye kafin ɗaukar yara.

Game da gyaran hoto, ka shirya wa tambayar haska fata, domin kwastomomi da yawa suna nema. Abin da nake faɗa shi ne ina cire ƙuraje da maiƙon fuska, amma ba na mayar da amarya wata daban har danginta su kasa gane ta. Ka ƙara da cewa idan situdiyon yana da salon launin hoto da aka san shi da shi, za ka bi nasu.

Sauran a taƙaice ne: batir na biyu, kwafar hotuna wuri biyu kafin a goge katin memori, da adadin kwanakin da za ka miƙa aiki. Kada ka ce kwana 3 domin burgewa alhali mako 2 kake buƙata.

Idan suka ba ka dama, ka tambaye su da kayan wa za a yi aiki, wa zai biya idan kyamara ta lalace a wurin biki, kuma ko an yarda ka nuna hotunan da ka ɗauka musu a matsayin samfurin aikinka. Allah ya ba da sa'a.