Kada ka cire foldar Users ɗungurungum daga kwafin ajiya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni nake kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a nan Kaduna, guda 40, duk masu Windows. Kullum bayan an tashi muna tura kwafin fayiloli zuwa saba ta netwok, amma faifan sabar ya cika, kuma sau da yawa aikin ba ya ƙarewa kafin a kashe janareta. Da na duba, finafinai da hotunan biki na ma'aikata ne suka cinye wurin. Yaya zan cire foldar Users daga ajiyar a duk kwamfutocin ba sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ana iya yi daga wuri guda, amma ina roƙonka kada ka cire foldar gaba ɗaya. A cikin C:\Users Desktop da Documents na kowane ma'aikaci suke. Nan malami yake ajiye tambayoyin jarrabawa, nan akanta take ajiye lissafin kuɗin makaranta. Windows da Office ana sake saka su in faifai ya mutu, amma sakamakon ɗalibai na zango uku ba inda za ka samo shi. Aikinka tankaɗe ne: ka fitar da dusa, ka bar gari.

Abin da za a fitar shi ne wanda kwamfuta take iya sake samarwa da kanta, ko wanda ba na aiki ba ne: AppData\Local\Temp, foldojin Cache na burauza, Videos, Music, sai fayiloli masu ƙarewa da .mp4, .mkv da .iso. Sauran AppData, foldar da manhajoji suke ajiye bayanansu, ka bar shi cikin ajiyar, domin manhajar imel ta Thunderbird da burauzar Firefox a cikin AppData\Roaming suke ajiye bayanan mai amfani.

Outlook, manhajar imel ta Office, yana buƙatar natsuwa. Fayil ɗin .ost galibi kwafi ne na saƙonnin da suke kan sabar imel, yana iya fita. Shi kuwa .pst, musamman in da POP3 aka saita akwatin, wato tsarin da yake sauko da saƙonni daga sabar imel zuwa kwamfuta, sau da yawa shi kaɗai ne wurin da saƙonnin suke a duniya. Kada ka cire shi daga ajiyar.

Downloads ce mai wuyar sha'ani. A ƙa'ida wurin wucin gadi ne, amma mutanenmu takarda za ta zo musu ta WhatsApp ko imel, su buɗe ta a nan, su yi mako suna gyara ta a nan. Ni dai ba na cire ta. Manyan fayilolin cikinta nake tacewa ta ƙarshen sunansu.

Batun kwamfutoci da yawa, dabarar ita ce a rubuta dokar sau ɗaya a saba, a sa alama a gurbin sunan mai amfani. Manhajoji da dama suna karɓar tauraro, kamar C:\Users\*\Videos. A UrBackup, wadda kyauta ce kuma daga saba ake saita ta ga dukan kwamfutoci, tauraro yana haɗiye foldoji nawa ne ma a jere, alamar ɗigo biyu ce take tsayawa a kan folda ɗaya tak, wato C:\Users\:\Videos. Ka karanta ƙa'idar taka manhajar kafin ka rubuta.

In Robocopy, manhajar kwafin fayiloli da take zuwa da Windows, kake amfani da shi, /XD yana cire folda, /XF yana cire fayil. In suna kawai ka ba shi, duk foldar da take da wannan suna za ta fita, har Videos ɗin da malamin kimiyya ya buɗe cikin Documents don darasinsa. Ka sa /XJ don ya tsallake mahaɗai, wato foldojin da suke nuni zuwa wata folda, in ba haka ba tsofaffin mahaɗai irin su Application Data za su sa shi ya yi ta kewaya wuri ɗaya. Sannan ina zargin wani abu game da rashin ƙarewar aikinku: in Robocopy ya tarar da fayil a buɗe, saitinsa na asali shi ne ya sake gwadawa har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakani. Rubuta /R:1 /W:1 yana kashe wannan. Ka duba suwic ɗinku ma, wato na'urar da take haɗa kwamfutocin a netwok. Mai megabit 100 bai wuce ya ɗauki kimanin gigabait 40 a awa ba. Kuma ka yi hattara da /MIR na Robocopy, mai mayar da ajiyar daidai da abin da yake kwamfuta, domin abin da aka goge a kwamfuta zai goge shi a ajiyar.

In kuna da Active Directory, tsarin Windows na sarrafa kwamfutoci daga saba, hanya mafi tsabta ita ce Group Policy, sashensa na tura saiti ga dukan kwamfutoci, ya karkatar da Desktop da Documents zuwa saba, sai ka riƙa kwafin sabar kaɗai zuwa wani faifai daban. Windows Home ba ya shiga wannan tsari. Kwamfutar da OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, ya karɓe foldojinta kuma hanyarsu ta koma C:\Users\suna\OneDrive\Documents, dokarka tana iya tsallake su.

Kafin ka saki dokar, gwada ta a kwamfutoci biyu, ta akanta da ta wani malami. A Robocopy, /L zai jero abin da zai kwafa ba tare da ya kwafa ba. Ka maido fayil ɗaya daga ajiyar ka buɗe shi da idonka. Daga nan shugaban makaranta ya sa hannu a takardar da za a liƙa a ɗakin malamai, mai faɗin foldojin da ake kwafa da waɗanda ba a kwafa, da ranar da tsarin zai fara aiki.