Burodin burger ɗinki yana tauri? Ga dalili

'Yar uwa kin ce naki yana fitowa da tauri kamar bagat ɗin jiya, to wallahi yawanci fulawa ce ta yi yawa ko murza ce ba ta isa ba. A rabin kilo na fulawa sa yis ƙaramin cokali 2, madara mai ɗumi mili 250, ƙwai 1, bota giram 50, suga cokali 3, gishiri ƙaramin cokali 1. Kwaɓin zai riƙa manne miki a hannu, dan Allah kar ki ƙara fulawa, ki shafa mai ki ci gaba da murzawa minti 10 ko 15 har ya yi santsi yana miƙewa bai tsinke ba.

Kuma nan Garwa da zafin nan namu na Maris da Afrilu in kin ajiye kwaɓin ya tashi kar ki jira awa guda, da ya ninka ki raba 8 ki mulmula ki ɗan danne su, su sake tashi. In hunturu ne rufe da leda don iska na busar da samansa. Shafa ruwan ƙwai, barbaɗa riɗi, ki gasa a oven, wuta digiri 190 na Celsius, minti 15 zuwa 18. In babu oven tukunya da yashi a kan gawayi ma tana yi, sai dai ki ɗora garwashi kan murfin. Da kin sauke ki shafa bota ki lulluɓe da kyalle mai tsabta su huce a ciki.