Tambayoyinku Kan Motar Daji: Kafin Ku Ɗauki Sufana

Wani mai Hilux ya rubuto cewa ya cire tayoyi masu inci 31 ya sa masu 33, yanzu motar ta yi nauyi a hawa, wai ko injin ne ya gaji?

Malam, injinka lafiya lau, kai ka ɗora masa kaya. Taya mai inci 33 ta fi mai 31 da kusan kashi 6 cikin ɗari, shi ya sa giya ta yi tsayi, kuma allurar gudu tana nuna maka ƙasa da abin da kake yi. Maganinsa a canza haƙoran dif, wato akwatin haƙoran da ke raba wa tayoyin hagu da dama ƙarfin injin, misali daga 4.10 zuwa 4.56, amma na gaba da na baya dole su zama lamba ɗaya, in ba haka ba ranar da ka sa 4WD, wato jan tayoyi huɗu, za ka ji abin da ba ka so. Kuma wannan ba aikin ƙofar gida ba ne, saita haƙoran nan yana son ma'auni da hannun da ya saba, kuskuren da bai kai kaurin takarda ba sai ya cinye su. Kai wa bakanike, ko ka mayar da tayoyinka na da.

Wani kuma yana so ya yi wa dif ɗin baya walda don tayoyin biyu su riƙa juyawa tare a cikin taɓo. Haba ɗan'uwa. Motar da kake hawa kwalta da ita kullum? A kwana tayar waje tana buƙatar ta fi ta ciki gudu, in ka liƙe su taya za ta ci, aksil, wato sandar da ke juya taya, ya murɗe, ranar ruwa kuma mota ta ƙi bin sitiyari. Ka tara kuɗi ka sayi makullin dif na gaskiya wanda ake kunnawa a kashe, ko ka haƙura.

Sai wata 'yar'uwa da hankalinta ya tashi, ta tsallaka rafi da motar, da ta duba man dif sai ta ga ya koma fari-fari kamar an zuba madara. Hajiya kwantar da hankalinki, kin ma yi dabara da kika duba. Ruwa ne ya shiga, yawanci ta 'yar ƙofar shan iska da ke saman aksil, don ƙarfe mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi sai ya zuƙo. Ki juye, ki zuba sabo, ki ɗan yi tafiya ki sake dubawa. Ki fara kwance notin zubawa kafin na juyewa, don kar ki zubar da mai sannan na sama ya ƙi buɗuwa. Dif yana son man giya mai lambar GL-5, kamar 80W-90, amma ki duba littafin motar, musamman na giyabos, wasu GL-4 suke so.

To a nan fa zan tsaya in yi faɗa, don wani ya tambaya ko ya sayi boris da sil na arha tunda wai duk ƙarfe ne. Wallahi wannan maganar tana ƙona min rai. Ni da kaina na taɓa sa kuros ɗin farfela, wannan mahaɗin mai siffar giciye, kwali mai kyau, suna mai kyau, ko wata uku bai yi ba ya fara ƙara yana girgiza mota, da na ciro shi alluran ciki sun zama gari. Ka yi tunanin farfela, sandar da ke kai ƙarfin injin zuwa dif, ta tsinke kana cikin gudu, ta soki ƙasa ko ta fasa giyabos, nawa ka rage a kan kuros ɗin, nawa za ka kashe yanzu? Masu jabu sun iya kwali, kwali ba shaida ba ne. Duba rubutun da ke jikin ƙarfen, duba lambar kaya ta yi daidai da ta motarka, juya boris ɗin a hannu ka ji ko yana ƙas-ƙas, in farashin ya yi daɗin da ya wuce hankali ajiye musu abinsu. Man giya ma haka, in hatimin murfin ya taɓu kar ka karɓa, mai na jabu ba ya nuna kansa sai haƙora sun fara kuka, lokacin kuwa aikin gama ya gama. Sil na banza kuma zai tsiyayar da man aksil a kan birki, kana taka birki mota na tafiya abinta.

In za ka cire farfela da kanka, ka yi alama a bakin mahaɗan don ka mayar yadda take, ka tokare tayoyi sosai don da zarar farfelar ta fita, giya ba za ta riƙe motar ba, kuma kar ka kuskura ka shiga ƙarƙashi da jak kaɗai.

Na ƙarshe, mai tambaya ko zai bar motar a 4H, wato jan tayoyi huɗu, kullum don ta fi riƙe hanya. In irin wadda ake sa wa 4WD da hannu ce marar dif na tsakiya, a'a. A busasshiyar kwalta komai zai ɗaure, sitiyari ya yi tauri a kwana. Bar ta a 2H, jan tayoyi biyu, sai ka sauka yashi ko taɓo.