Me ya haɗa Armstrong da Coltrane har ake ce wa kiɗansu jazz?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sha jin ana yabon kiɗan jazz, sai na nemo shi a intanet. Na fara da Louis Armstrong, na ji abu mai daɗi, har da waƙa. Da na kunna John Coltrane kuwa, wallahi na ɗauka makaɗan faɗa suke yi da juna. Yaya aka yi suna ɗaya ya haɗa su? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kunnenka bai yaudare ka ba. Tsakanin faya-fayen da suka ɗaukaka Armstrong da waɗanda Coltrane ya yi a ƙarshen rayuwarsa akwai kusan shekara 40, kuma a tsakanin nan kiɗan ya yi ta sauya gida. Duk inda ya sauka, masu saurare daban, bukata daban, sai salo ya bi.

Gidansa na farko titi ne, a birnin New Orleans da ke kudancin Amurka. Can akwai wani fili, Congo Square, inda bayi 'yan asalin Afirka kan taru ran Lahadi su yi kiɗa da rawa. Jikokinsu suka ɗauki kayan badujala irin na soja, suka zuba musu waƙoƙin coci da na baƙin cikin rayuwa da ake kira blues. Idan an yi rasuwa, 'yan badujala kan raka gawa da taken juyayi, a hankali, kamar ƙafa ba ta son tafiya. Da an binne an juyo, sai ganga ta sauya, a koma gida ana rausayawa. A wannan salon kowa busa yake yi lokaci guda, wannan ya riƙe karin waƙar, wancan ya yi mata ado ta sama, wani ta ƙasa. Abin takaici, faifan jazz na farko da ya fita a 1917 fararen fata ne suka yi shi, Buddy Bolden kuwa, wanda tsofaffin garin ke kira uban tafiyar, ko faifai ɗaya nasa ba a samu ba.

Baƙaƙen fata suka yi ta ƙaura zuwa arewa neman aiki da gudun wariya, kiɗan ya bi su. Armstrong ya isa Chicago a 1922 bisa kiran maigidansa King Oliver. Daga 1925 ya fara naɗar faya-fayen da suka juya lamarin: maimakon kowa ya busa tare, sai mutum ɗaya ya fito fili ya ƙaga nasa nan take, saura suna riƙe masa kiɗa. Wanda ya san yadda Shata kan ɗora waƙa a gaban taro, 'yan amshi da masu kalangu suna tallafe da shi, ba zai sha wahalar gane wannan ba.

Shekarun 1930 zamanin rawa ne. Ƙungiyoyi suka kumbura zuwa mutum 15 ko fiye, ana rubuta wa kowa abin da zai busa. Wannan shi ne swing, na su Duke Ellington da Count Basie. Ellington ya yi suna ne a Cotton Club ta unguwar Harlem da ke birnin New York daga 1927, gidan da baƙaƙen fata ke kiɗa amma fararen fata ke zama kan kujera.

Inda nake so ka tsaya shi ne shekarun 1940, don nan ne hanyar da ta kai ga Coltrane ta rabu. Samarin makaɗa sun gaji da maimaita abu ɗaya kowane dare don mutane su taka. Bayan an tashi aiki sai su haɗu a wani ɗan gidan shaƙatawa a Harlem, Minton's, su yi kiɗan da ransu ke so har asuba. Charlie Parker da Dizzy Gillespie da Thelonious Monk suka ƙara gudu, suka cusa sautukan da kunne bai saba da su ba. Makaɗin ganga Kenny Clarke ya ɗauke riƙon taki daga babbar ganga ya mai da shi kan farantin tagulla, gangar kuma ta koma sai dai ta yi tsokaci inda ba a zata ba. Aka kira wannan bebop. Aljihu ma ya taimaka: yaƙin duniya na biyu ya kwashe makaɗa zuwa soja, sannan a 1944 gwamnati ta ɗora haraji mai nauyi kan gidajen da ake rawa. Riƙe mutum biyar a ɗakin da ake zama a saurara ya fi sauƙi. Daga nan jazz ya zama na kunne, ƙafa ta huta.

Akwai kuma batun faifai. Tsohon faifan garmaho minti uku da ɗoriya yake ɗauka, dole mai busa ya taƙaita. Da dogon faifai ya fito a 1948, mai cin kusan minti 20 a kowane gefe, sai aka sake wa makaɗi linzami.

Salo ya yi ta rassa: mai sanyi na Miles Davis, mai zafi na Art Blakey, na Ornette Coleman da ya yi watsi da yawancin ƙa'idoji wajen 1960, sai wanda ya auri jita mai lantarki wajen 1970. Coltrane da ka ji, ina kyautata zaton na bayan 1965 ne, lokacin da ya bi hanyar Coleman ya zarce. Ni kaina ba kullum nake iya jure shi ba. Ka koma baya kaɗan, ka nemi faifan Miles Davis na 1959, Kind of Blue, wanda Coltrane ke ciki. A taken farko za ka ji ƙaton gogen nan na tsaye da ake tsinka da yatsa ya yi kira, fiyano da masu busa su amsa da sauti biyu kacal, sannan kowa ya fito bi da bi ya faɗi nasa. Kira da amshi da ƙagawa nan take, su ne igiyar da ta ɗaure Armstrong da Coltrane.

Sunan kuwa, su kansu masu abin ba duka suka yarda da shi ba. Tunda daga Zariya kake: Yusef Lateef, mabushin saksofon Musulmi ɗan Amurka, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin sarewar Fulani. Shi har ya rasu a 2013 ba ya son a kira kiɗansa jazz.