Eriya 64 a ƙarfen sabis ba ta nufin waya 64 a lokaci guda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena, na ji tambayarka tun da safe, sai yanzu na samu sarari. Ka ce tunda ƙarfen sabis na 5G yana ɗauke da eriya 64, me zai hana ya sallami waya 64 lokaci guda a kan zango ɗaya na siginar rediyo, data ta ninka sau 64?

To, bari ka ji. Amfanin tara eriya da yawa, abin da injiniyoyi ke kira masif maimo, shi ne a tattara sigina a nuna ta wajen mutum ɗaya kamar hasken tocila, maimakon a watsa ta ko'ina. Thomas Marzetta na Bell Labs ne ya fito da tunanin sosai a 2010. Kuma ya yi aiki, domin a 2016 masu bincike na jami'o'in Bristol a Ingila da Lund a Suwidin sun sallami masu amfani 22 lokaci guda a zango mai faɗin megahaz 20. Amma da eriya nawa? 128. Ka lura da ratar nan, da gangan aka bar ta.

Matsalar tana wajen wa za a haɗa da wa. Idan wayoyi biyu suna gefe ɗaya, hanyar da sigina ke bi zuwa gare su ta yi kama sosai, tocila biyu za su haska wuri guda. Ƙarfen zai yi ƙoƙarin kashe siginar wannan a wajen wancan, to a nan ƙarfin ke zubewa, dukkansu su tashi a tutar babu. Ga shi ƙarfin watsawar dama rabawa ake yi. Ga kuma siginar gwaji da kowace waya ke turawa don a auna hanyarta, ita ma tana cin lokacin da ya kamata data ta wuce. Shi ya sa jimillar datar takan yi ta hawa kana ƙara mutane, ta kai wani wuri ta tsaya, daga nan ta fara gangarowa.

Gwada kowane haɗi kuwa ba zai yiwu ba. Ɗaukar mutum 8 cikin 50 kawai, hanyoyin yin zaɓen sun haura miliyan 500, kuma shawarar nan cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ake yanke ta. Sai a bi ta gajeriyar hanya, irin wadda Yoo da Goldsmith suka bayyana a 2006: ɗauki mai hanya mafi ƙarfi, sai ka ƙara wanda hanyarsa ta fi saɓawa da tasa, haka har ka ga ƙari ba ya kawo riba.

Af, kar na manta. Idan jimilla kawai ake so ta yi kyau, wanda ke can ƙarshen da'irar sabis layi ba zai taɓa zuwa kansa ba. Ni dai ban ɗauki wannan nasara ba, ko da alƙaluman sun burge. Saboda haka manhajar da ke zaɓen wanda za a sallama takan auna abin da mutum zai iya samu yanzu da abin da ya saba samu a baya, wanda aka daɗe ba a ba shi ba sai darajarsa ta hau, a sa shi cikin zagaye na gaba.